Igiyar Ramin Kira

A ƙarƙashin Tungar Gawo akwai wani birnin aljanu wanda ba ginshiƙan ƙasa ke riƙe da rufinsa ba. Ƙafafu ne, na mutane da na aljanu, kowace ta miƙe ta yi tsawon giginya, tafi a ƙasa, cinya tokare da sama. Mutanen Tunga ba su san da shi ba. Suna ta nomansu da dakansu a kansa, har ranar da Jatau ya fasa shi da dagi.

Jatau da ƙanensa Nomau mahaƙan rijiya ne, gadon ubansu. Jatau ke shiga rami, Nomau ke riƙon igiya a baki. A sana'arsu na ƙasa ba ya ɗaga murya, domin rami kan juya magana ya mai da ita wata. Da igiya suke zance. In na ƙasa ya girgiza ta, cewa yake a jawo shi. In ya ja a hankali ya sassauta, ya sake ja ya sassauta, cewa yake a sako masa igiya. Sannan akwai abu guda da uban ya dasa musu tun ba su kai tsawon guga ba: mai riƙo ba ya sakin igiya da mutum a jikinta, ko da kunama ce ta hau masa wuya.

To, ranar nan da hantsi Nomau ya ji igiya ta yi nauyi, sai kuma ta yi sakayau. Ya jawo, ba kowa. Ya leƙa, sai ya ga ƙasan rijiyar ya zama huda, wani haske kore yana fitowa. Bai kira kowa ba, bai ma tsaya sa takalmi ba. Ya ɗaure igiyar a gindin gawo ya sulale.

Ya dira a tsakiyar wata kasuwa. Kafin ya miƙe an riga an kewaye shi, masu ido a tafin hannu, da masu kai biyu suna musu da juna, da wasu sirara da iska ke kaɗawa. Suka tasa shi gaba har fadar Magajiyar birnin, wata doguwar aljana da gashinta ya malale ƙasa, bayi na zaune a kai kamar tabarma.

Ta ce, "Ɗan Adam, ɗan'uwanka ya huda mana sama. Ƙasarku na zubo mana cikin abinci. Ya zama namu."

Nomau ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, ruwa muke nema wa gari, ba mu san da ku ba. A ba ni yayana, mu toshe hudar da hannunmu."

"Ba a roƙo a nan, sai dai a ci tsere. Idan kukar fada ta yi fure za a yi Gudun Ƙaya. Wanda ya riga kowa taɓa Jar Ƙofa, ya faɗi abu guda a ba shi. Wanda ya zo ƙarshe zai bar mana ƙafafunsa su riƙe rufi. Abin da hannunka ya ɗauka a hanya naka ne, ba mai karɓewa, sai dai ka sani nauyinsa a kanka yake. Ka shiga?"

"In ga yayana tukuna."

"Yana nan lafiya."

"In ji muryarsa, ranki ya daɗe."

"Yana nan lafiya," ta sake faɗa, ko sautin bai canja ba. Abin bai kwanta wa Nomau ba, amma ina zaɓi? Ya ce ya shiga.

Aka haɗa shi da mai horo, wani tsohon aljani da ake kira Dungu. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai. Da hannuwa yake tafiya, riƙe da wasu 'yan katakai biyu da suka sha ƙasa har suka yi santsi. Bai dubi fuskar Nomau ba. Ƙafafunsa ya tsura wa ido, ya zagaya su, ya matsa ƙwauri, ya lanƙwasa gwiwa, har da lasar leɓe.

Ya ce, "Masu kyau. Kai, masu kyau ne."

Nomau ya ja da baya. "Baba, ni za ka koya wa gudu ko ƙafafuna kake tayawa?"

"Hau da ni bayanka, ɗan Adam. Surutu ba ya cikin abin da za a gwada ka."

Haka horo ya fara, da tsohon a goye, ga shi da nauyin tsiya kamar buhun gero jiƙaƙƙe. Can ƙasa babu dare babu rana, hasken nan kore ne kullum, don haka ba lokacin da Nomau zai ce ga ƙarshen wahala. In ya faɗi Dungu ya ja masa kunne, in ya tashi ya ce ya yi jinkiri.

Suka fara da Tafkin Laka. Laka ce mai rai, tana jin inda ka tsaya ta kama. Dungu ya ce, "Ba ƙarfi take so ba. Kada ka bar ƙafa ta huce a wuri guda. Taka ka ɗauke, taka ka ɗauke." Nomau ya nutse har ƙirji ba sau ɗaya ba, kuma duk nutsewar sai ya lura tsohon ba hannunsa yake kamawa ya fito da shi ba, ƙafa yake cafka. Ya riƙe wannan a ransa.

Daga nan sai Katangar Gishiri, wadda ke ƙara tsawo duk lokacin da ka ɗaga kai ka dubi ƙarshenta. Dungu ya ɗaure masa ido da tsumma ya ce ya hau da yatsu. Nomau ya ce a'a, ba zai rufe ido a gaban wanda ke haɗiyar yawu kan ƙafafunsa ba. Suka yi ta ja-in-ja. Ya hau da ido buɗe, katanga ta yi ta tafiya sama har hannuwansa suka tsage, gishiri ya shiga ciwon, ya faɗo yana ihu. Tsohon ya yi dariya har katakansa na ƙwanƙwasa ƙasa. Da aka ɗaure idon, sai ga shi a bisa katangar kafin ya gama tsine wa Dungu a zuci.

Abinci ma rigima ne. Dungu kan kawo wani farin tuwo mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Nomau ya ƙi ci, ya ce sai tsohon ya fara. Tsohon ya ci. Ya ce to a musanya akushi. Aka musanya. Ya ce ai wataƙila an san zai nemi musanya.

Dungu ya ce, "Wallahi na horar da kuraye, ban ga mai baƙin zargi irinka ba. Mutu da yunwa, ka ga ko yayanka zai fito."

Ya ci. Bai mutu ba, sai ma wani ƙarfi da ya ji yana bin jijiyoyinsa.

Sai Dajin Sarƙaƙiya, inda ƙaya ke saukowa ta bi duk abin da ya fi kare tsayi. A nan rarrafe ake yi da ciki, da sauri, kuma ba a tari. Ya fito bayansa kamar an yi masa tsaga, ƙwaurinsa duk jini. Yana kwance yana haki sai ya ji ana laluba masa ƙafa. Ya buɗe ido kaɗan, ya ga Dungu da zare yana auna ta daga idon sawu zuwa gwiwa, ga wuƙa a gefensa.

Nomau ya yi tsalle ya shaƙe shi. "Na kama ka, tsohon banza! Awon me kake yi?"

Tsohon bai yi kokawa ba. Ya nuna bayansa da haɓa. Ɓawon itace ne a jiƙe, an fara yanka shi daidai ƙwauri, da igiyoyin ɗaurewa.

"Kariyar ƙaya ce. In ka shiga tsere da ƙafa a buɗe, kafin ka fita dajin nan ka zama nama." Ya gyara wuyansa. "Zo in nuna maka abin da nake kallo."

Ya kai shi bayan kasuwa, ya tsaya gaban wasu ƙafafu biyu baƙaƙe masu tabo a gwiwar hagu. Ya shafa su kamar mai shafa doki.

"Nawa ne. Na zo ƙarshe tun kakan kakanka bai iya zama ba. Dokarmu ita ce, in wanda ka horar ya ci, a mayar maka da naka. Me zan yi da ƙafafun bil'adama, masu tsufa? In na kalli naka, nawa nake hangowa."

Kunya ta kama Nomau sosai. Ya ce, "Baba, ka yafe ni." Daga ranar ya daina neman a musanya akushi. Ya iya tsallake turamen dutse masu birgima, ya iya ratsa ramin toka mai zafi ba tare da ya shaƙa ba, ya koyi kau da kai daga kayan sha'awa da ake zubarwa a hanya don masu kwaɗayi su tsaya ɗauka. Jikinsa ya bushe ya yi tauri, har aljanun kasuwa suka daina yi masa dariya in ya wuce da tsohon a baya.

Saura abu guda, Ramin Kira, wanda ke gab da Jar Ƙofa. Dungu ya kai shi bakin wani ƙaramin rami na gwaji. Suna isa sai igiya ta yi tsalle ta faɗo masa a hannu, nauyi ya fizge shi, kuma daga ƙasa muryar Jatau ta taso tana kuka: "Nomau! Jawo ni, ƙanena, zan mutu!"

Dungu ya daka tsawa, "Saki!"

Saki? Ina! Nomau ya kafa dunduniya ya yi ta ja har ya fito da abin. Dutse ne, da wani tsuntsu mai baƙin baki zaune a kai. Tsuntsun ya dube shi ya sake cewa, "Jawo ni, ƙanena," sannan ya hau gyaran fiffike.

Dungu ya ce, "Ka gani? Kowane mai gudu akwai igiyarsa da muryar wanda yake so. Dutse ne da tsuntsu. Mai riƙewa shi ke zuwa ƙarshe. Sake."

Wannan horon ya fi duk sauran cin ransa. Laka da ƙaya jiki suka taɓa, wannan kuwa hannunsa ne ke ƙin bin umarni. Kunne ya san tsuntsu ne, amma yatsu sun riga sun damƙe. Dungu ya yi ta dukan bayan hannun da katako yana "Saki! Saki!" har ranar da igiya ta faɗo, murya ta yi kira, Nomau ya buɗe hannu ya wuce. Ji ya yi kamar ya tofa wa kabarin ubansa yawu.

Amma ya lura da wani abu. A laka da katanga Dungu kan zage shi ido cikin ido. A bakin ramin nan kuwa ƙasa yake kallo.

Da kukar fada ta fara toho, suka bi ta rumfar masu tufka, inda ake shirya igiyoyin babban ramin. Nomau ya rage gudu. Duk igiyoyin na kaba ne, tufkar ganin dama, irin wadda za a ɗaura wa dutse. Guda ɗaya ce ta rama, mai kauri, an tufke ta da kyau, kuma wata tsohuwa na zaune tana naɗe ƙarshenta da tsumma mai laushi.

Ya ce, "Baba, dutse na jin zafin igiya ne?"

"Me ka gani?"

"Mu ba ma naɗa tsumma sai inda za a zura ƙugun mutum."

Dungu ya ce, "Al'ada ce kawai. Ƙara gudu, ka tsaya kallon mata."

"Ina yayana yake?"

"Yana nan lafiya."

Kalmomin Magajiya ne sak, har sautin. Nomau ya ƙara gudu. Ya riga ya zargi tsohon sau da yawa ya ji kunya, yanzu kuma bai san ko hankalinsa ne ke gaya masa gaskiya ko tsohon halinsa ne ya dawo ba.

Kuka ta yi fure, aka buga tambari. Masu gudu suka jeru, aljanu zalla sai shi, wani mai ƙafar jimina, wata mai tafiya kamar guguwa, wani da ke naɗe jikinsa ya gangara. Dungu ya ɗaure masa ɓawon a ƙwauri da hannunsa.

Ya ce, "Ɗan Adam, duk abin da ka ji a ramin, saki. Ka ji ni? Saki."

Aka sake su. Ba nauyin tsoho a bayansa, sai Nomau ya ji kamar ba ya taɓa ƙasa. Ya taka laka ya ɗauke, mai ƙafar jimina ya tsaya gyara tsayuwa ta haɗiye shi har wuya. Ya runtse ido ya haye Katangar Gishiri, ya bar masu ɗaga kai suna bin ta sama. Ya shige ƙarƙashin sarƙaƙiya yana jin ƙaya na karce ɓawon. Turame suka birgimo ya tsallake, toka ta turnuƙe ya riƙe numfashi. Da ya fito fili ba kowa a gabansa. Ga Jar Ƙofa can tana ƙyalli, ga Ramin Kira tsakaninsu, baƙi ƙirin, ba a ganin ƙasansa.

Igiya ta faɗo masa a hannu. Ta rama ce.

Yatsunsa suka fara buɗewa da kansu, yadda aka koya musu. Yana jiran kukan nan ya taso ya ƙarasa saki, amma shiru. Igiyoyin kaba da ke jiran sauran tuni tsuntsayensu suka fara kururuwa, tasa kuwa ba ta ce uffan ba. Sai ya ji an ja ta a hankali an sassauta. Aka sake ja aka sassauta.

Sako igiya.

Tsuntsu ba shi da hannu, dutse bai san zancen gidansu ba. Kuma duk wani abin yaudara da aka taɓa sa masa a ƙasar nan cewa yake a jawo shi. Mutum ɗaya ne a duniya zai rataya a bakin mutuwa ya ce a sake shi don ƙanensa ya tsira da ƙafafu.

Dungu na bakin fili yana ihu har muryarsa ta dushe. "Saki! Dutse ne! Saki, ɗan Adam!"

Nomau ya naɗa igiyar a damtse, ya kafa dunduniya. Na ƙasa ya sake ja ya sassauta, da ƙarfi wannan karon, kamar mai faɗa.

Nomau ya ce, "Yaya, yau kam ba zan ji maganarka ba."

Ya fara ja. Mai tafiyar guguwa ta zo ta saki tata ta wuce. Mai gangarawa ya wuce. Ramin zurfi gare shi na fitar hankali, igiya ta ci tafin hannunsa ta jiƙe da jini, yana ji ana ta wucewa ta bayansa ɗaya bayan ɗaya. Har mai ƙafar jimina ya iso, laka na ɗiga daga jikinsa, ya dube shi da mamaki ya wuce. Aka buga tambarin ƙarshe daidai lokacin da hannun Jatau ya kama bakin ramin.

Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Bai yi godiya ba. Ya kama wuyan rigar Nomau yana kuka yana girgiza shi. "Na ce ka sako! Ba ka ji ba? Sun gaya mini abin da za su yi maka. Na ce ka sako, wawa!"

"Na ji, Yaya. Da ka yi shiru da hannunka, wataƙila da na saki."

Magajiya ta iso, bayi na ɗauke da gashinta. Ta ce, "Ɗan Adam, kai ne ƙarshe."

"Na sani, ranki ya daɗe. Amma kin ce abin da hannuna ya ɗauka a hanya nawa ne." Ya ɗaga hannun Jatau.

Ta ce, "Na faɗa, kuma ba na janyewa. Da ka saki, da ka ci tsere, da ka roƙi ɗan'uwanka, da mun kwaso maka shi daga ƙasan ramin a cikin kwando. Wannan ma cika alkawari ne. Tafi da shi. Ƙafafun kuwa namu ne."

Ba jini, ba zafi. Ta taɓa ƙugunsa da yatsa, ƙafafun suka zame kamar an tuɓe wando, suka taka da kansu har ƙarƙashin hudar da dagi ya yi, suka miƙe suka tokare wani faifan dutse da zai rufe ta. Jatau ya faɗi yana birgima yana roƙon a ɗauki nasa, ba wanda ya kula shi.

Dungu ya matso yana jan jiki. Nomau ya ce, "Ka sani tun farko."

"Na sani."

"Da ka bari na kashe yayana da hannuna."

"Da na bari." Tsohon ya dubi wajen kasuwa, inda ƙafafunsa suke. "Na gaji da kallon gwiwoyin mutane, ɗan Adam. Ba zan ce maka na yi daidai ba." Sannan ya tura masa katakansa biyu. "Riƙe su ta nan. Ka jefa nauyi gaba, kada ka dogara da wuyan hannu. Wannan kam ba ƙarya a ciki."

Nomau ya so ya jefa masa su a fuska. Ya karɓa.

Jatau ya goya shi, ya kama igiyarsu da ke reto tun ranar farko, ya hau da shi. Suna wucewa dutsen ya rufe a ƙarƙashinsu, ruwa ya ɓuɓɓugo a kansa, mai sanyi, wanda har yau bai taɓa ƙafewa ba.

Sun ci gaba da sana'arsu. Jatau na shiga rami, Nomau na zaune a baki an ɗaure ƙugunsa da gungume, igiya a hannu, kuma a duk yankin ba mahaƙin da ba ya fatan a ce Nomau ne ke riƙe da tasa. Sai dai in jaki ya wuce kusa da rijiyar Tunga da kaya, ko mata suka taru da tuluna, za ka ga ya cije leɓe yana shafa inda cinyarsa take a da. Nauyin yana isa gare shi.

Shi ya sa Jatau ya hana daka a kusa da wurin, ya kewaye rijiyar da shinge, ya karkatar da hanyar shanu. Shi kansa in zai ɗebi ruwa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya taka a hankali. Yara kan tambaye shi dalili, sai ya ce musu, "Ƙanena ne a ƙasa, yana riƙe da mu."